Farin Dutsen da Ka Aza a Kabarin Baba

Zuwa ga aminina Dauda,

Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a haɗu ba. Ina iyali, ina gajiya, yaya jikin tsufa? Da fatan gwiwar nan taka ta hagu, wadda babur ya kayar da mu a kanta a yashin hanyar Kamarawa, ta daina yi maka ƙorafi in sanyi ya shigo. Mu nan Isa muna lafiya gwargwadon yadda zamani ya bari. An yanke gero, wanda ya samu damar zuwa gonarsa.

Ka san ni ba marubuci ba ne, malamin dabbobi ne, hannuna ya fi sanin sirinji. Na rubuta maka a waya har na gaji, saƙon yana nan tsaye da alamar nan guda ɗaya mai nuna bai isa ba. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan shafina na intanet, inda mutane za su leƙa ta kafaɗata su karanta. Su karanta ɗin, da ma rabin maganar a gabansu ya kamata in yi ta tun tuni.

Ka tuna zuwanka na farko, shekara ashirin da wani abu ke nan? Ta Maraɗi ka ɓullo, da akwatin ƙanƙara da Hausarka ta mutanen Nijar, kana ce wa mota “watir”. Aka haɗa ni da kai mu zagaya rugage muna yi wa shanu allurar ciwon huhu. Sunanka ya yi wa mutane nauyi a baki, sai suka mayar da kai Dauda Likita, ka amsa. Ni ke tuƙa babur, kai kana baya rungume da akwatin, ka yi ja wur saboda rana, kana yi mini faɗa wai na fiye gudu.

Kowa ya ɗauka kai Nasara ne. Mu a wurinmu duk farar fata Nasara ne, ba mai tsayawa tambaya. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ba ka shan giya a ɓoye irin ta sauran Turawa, fura da nono kuwa sai an janye ƙwarya daga gabanka. Innata har cewa take wannan bawan Allah saura ƙiris ya musulunta.

Ranar da gaskiya ta fito, da kaka ne, muna ƙauyenmu. Tun safe ba ka sa komai a baki ba, ko ruwa, ga zafin nan na ƙarshen damina mai dafa mutum. Baba ya sa aka kawo maka fura sau biyu kana mayarwa. Da ya matsa, sai ka gaya masa azumi kake, na rana ɗaya a shekara da mutanenku ke yi don neman gafara, kuma kai ba Nasara ba ne, Bayahude ne. Ni da nake gefe sai na saci kallon fuskar Baba. Yana jan carbinsa ya ce, “Mutanen Annabi Musa ke nan. To tashi ka koma inuwa, mai azumi ba shi zama rana.” Da magariba ya sa Inna ta dama maka kunu, ya zauna kusa da kai har ka sha.

Daga baya wani ƙanensa, Baffa Sahabi, ya same shi da maganar, wai yaya za a bar Bayahude yana taɓa dukiyar mutane. Amsar Baba har yau tana kunnena: “Ni dai hannunai nig gani bisa shanuna, kuma ba su mutu ba.” Daga nan bai ƙara ba, Baffa kuma bai sake tayar da zancen ba muddin Baba na da rai.

Amma kai ka ji abin da ake yi da sunan mutanenku a bakinmu. Mai rowa Bayahude, mai makirci Bayahude, yaro in ya ƙi aike ma sai a ce ya cika yahudanci. Ni kaina na sha faɗa, ban taɓa jin nauyinta ba sai da na fara yawo da kai. Ka tuna ranar kasuwar Sabon Birni, a kara inda ake cinikin shanu, da wani dillali ya fusata da mai saye yana ta kumfar baki, “Wanga Bayahude na, ko ruwan rijiya ba shi ba mutum!” Sai ka taɓa kafaɗarsa, ka miƙa masa gorar ruwanka, ka ce, “Sha, malam. Ga Bayahude na gaske ya ba ka.” Mutane suka fashe da dariya, dillalin ya karɓa ya kafa kai ya sha. Tun daga ranar duk inda ya hango ka sai ya ɗaga hannu.

A hanyar komawa na tambaye ka ko abin bai yi maka zafi ba. Ka ce kakarka ta koya maka yadda ake yi da irin wannan magana. Ta farko, dariya. Ta biyu, ka zauna ka yi bayani. In aka kai ta uku, sai ka ɗauki jakarka. Ka ce ita tsohuwar har ta mutu da jaka ɗaure a bayan ƙofarta, saboda abin da ta gani tana yarinya, da aka kwashe danginta ba wanda ya dawo. Sannan ka bugi bayana ka ce, “A garinku ban taɓa wuce ta farko ba, Bello.” Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, har na riƙa ba da labarinta kamar ni aka yaba.

Shekara uku ka yi, aiki ya ƙare, ka koma ƙasarku. Wasiƙu suka yi ta zuwa, daga baya waya ta shigo. Ba sallar da ta taɓa wucewa ba ka kira ka gaida Baba ba, kana tambayarsa jan bijimin nan nasa mai karyayyen ƙaho.

Da Baba ya rasu na gaya maka, ban sa rai da komai ba in ban da ta'aziyya ta waya. Bayan wata huɗu sai ga ka a tashar Sabon Birni, gashinka duk ya yi fari, da 'yar jaka a kafaɗa. Lokacin hanya ba ta lalace ba tukuna. Na rungume ka a gaban 'yan kamasho ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Washegari bayan la'asar ka ce in kai ka inda yake kwance. Muka tafi mu biyu. Na yi addu'ata, kai kuma ka ciro 'yar hularka ka aza a tsakiyar kai, ka yi ta motsa baki da harshenku. Da ka gama ka sa hannu a aljihu ka fito da dutse, fari tas, mai sulɓi, bai wuce ƙwan agwagwa ba. Ka ce daga bakin kogin garinku ka tsinto shi, ka hau jirgi da shi. Ka ce ku haka kuke yi wa wanda kuke ƙauna, dutse ake ajewa, don duk wanda ya zo daga baya ya san an riga shi zuwa, mai kabarin ba a manta da shi ba. Ka durƙusa ka aza shi wajen kai, da hannun hagu, yadda al'adarku take.

Na ga hannun hagun nan, Dauda, kuma na san yadda za a fassara shi in wani ya gani. Na waiga. Wani dattijo mai gona a gefen maƙabartar yana tsaye da fartanya yana kallonmu. Da na buɗe baki a lokacin na kira shi, na ce zo ka ji abin da baƙon nan yake nufi, da magana ta mutu a wurin. Sai na ja hannunka muka yi sauri, kamar waɗanda suka yi sata.

Kafin gari ya waye labari ya gama ƙauye. Bayahude ya shiga maƙabarta ya yi surkulle, ya binne asiri a kan Alhaji, wato Baba, da hannun hagu. A makon nan kuma maruƙa biyu sun mutu a garken maƙwabcinmu. Ni na duba su da kaina, na san zawo ne ya kashe su, amma ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Aka ce ai da ma su aikinsu ke nan tun fil azal. Mutanen da ka yi wa shanunsu allura shekara uku suna cikin masu faɗa.

Baffa Sahabi ya aiko kirana. Zaurensa cike da dattawa, ba wanda ya amsa sallamata da kyau. Ya ce, “Bello, ko ka tahi ka ɗebe abinga da hannunka, ko mu tahi mu, kuma in munka tahi ba dutse kaɗai za mu ɗebewa ba.” Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, ina da 'ya'ya biyar, amma a zauren nan na koma yaro.

Na dawo gida na gaya maka. Ba ka firgita ba, har ɗan murmushi ka yi. Ka ce, “To, mun zo ta biyu ke nan. Kai ni wurinsu in yi bayani.” Ka ce a ba ka minti goma kawai a zauren, in ba su yarda ba kai da kanka za ka je ka ɗauke. Har ka fara sa takalmi.

Na hana ka. Na ce ba ka san mutanenmu ba, na ce don lafiyarka nake yi. A nan za ni faɗi gaskiyar da ban taɓa faɗa ba: ba lafiyarka nake tsoro ba, Dauda, don ba mai taɓa baƙon Alhaji a garin nan. Tsoron da nake shi ne a gan ni zaune kusa da kai a gaban dattawa, ina gyara maka Hausa, a ce ɗan Alhaji ya zama ɗan koren Yahudu.

Na tafi maƙabarta, mutane suna bina a baya. Na ɗauke dutsen, har da ɗuminsa na rana. Na gangara gulbi, lokacin ya cika ya batse, na wurga shi iya ƙarfina. Wani ya ce Allahu akbar. Na dawo gida, na shiga ɗakin da ka sauka, na ɗauko jakarka na ɗaure a bayan babur. Kakarka ta ce sai a ta uku mutum ke ɗaukar jakarsa. Ni ban bari ka yi ta biyu ba, kuma jakar ma ni na ɗauko maka.

Muka kama hanyar Sabon Birni. Babur ɗin da kake yi mini faɗan gudu, ranar ba ka ce uffan ba. Da motar Maraɗi ta cika, ka leƙo ta taga ka ce, “Abin da suka faɗa na ji shi da harshe uku kafin in ji shi da Hausa, bai dame ni ba. Naka nake jira in ji.” Direba ya ja mota, na tsaya ina kallon bayanta, ban ce komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai, da salla ta zo sai ga kiranka kamar kullum. Ka gaida Inna, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ba ka ambaci dutse ba, ni ma na lafe. Haka muka yi shekaru, ina jin daɗin cewa ka manta, alhali na san ba ka manta ba.

Sai duniya ta juya mana. Kana jin labari, ba sai na tsawaita ba. 'Yan bindiga suka hana noma, suka kore shanu, ƙauyenmu ya watse. Muka kwaso Inna muka dawo Isa, ɗaki biyu na haya. Baffa Sahabi a nan ya cika, a nan aka rufe shi, nesa da kabarin yayansa.

Mutum in wahala ta ishe shi sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Saƙonnin murya suka fara yawo a waya, wai Yahudawa ne ke sauke wa 'yan daji makamai da jirgi, don su kore mu su haƙi zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Rannan sai ga wani saƙon a zauren garinmu na waya, muryar wani da ban sani ba, yana cewa shekarun baya an turo wani Bayahude yana yawo rugage da sunan allurar shanu, ashe taswirar daji yake zanawa, har asiri ya binne a wata maƙabarta. Mutum sama da ɗari a zauren, da yawansu sun san ka, sun san ni. Ina karanta masu cewa Allah ya tsine, na kife wayar.

Wautata ta sa na tura maka, wai don mu yi dariya. Ba ka yi dariya ba. Bayan kwana biyu ka aiko da naka saƙon, minti huɗu, da Hausarka ta Maraɗi da ta fara tsatsa. Ka faɗi sunanka. Ka lissafa rugagen da muka je da sunayen ardo-ardon da suka ba ka masauki. Ka ce takardar da aka gan ka kana zanawa ta hanyoyin shanu ce, don kada a tsallake garken kowa. Ka yi bayanin dutsen tiryan-tiryan, bayanin da na hana ka yi a zauren Baffa. Ka yi wa waɗanda aka kashe wa dangi ta'aziyya. A ƙarshe ka ce, “Ban ce ku so ni ba. Ku tambayi wanda ya san ni.” A ƙasa ka rubuta mini: Bello, sa musu wannan a zauren.

Na amsa maka da to, in sha Allahu. Na sa yatsa a kan saƙon ya fi sau ashirin. Lokacin hotunan yaran Falasɗinu sun cika wayoyi, ni ma na yi kuka da su, har yau ina yi, kuma kowa a fusace yake. Na ce bari ƙura ta lafa. Na san sarai kai ba ka taɓa riƙe abin da ya fi sirinji ba, amma na ce bari dai ta lafa. Sallar da ta biyo baya ba ka kira ba. Ta bayanta ma haka. Yanzu salla huɗu ke nan.

Bara ina cikin motar Sakkwato, masu tsaron hanya suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ƙare wa fuskoki kallo, ya nuna ni. Ka san kamar Inna na ɗauko, dogon hanci da farar fata irin ta Fulani. Ya ce in sauko, irinmu ne ke kai wa 'yan daji labari. Ni da aka kore wa shanu, ni da na bar kabarin ubana na gudo. A kujerar bayana akwai mutumin da muke salla sahu ɗaya kullum, ya san ni ya san 'ya'yana. Na dube shi, sai ya juya yana kallon taga. Awa biyu na yi a rana kafin katin aikina ya fitar da ni. Zagin da aka yi mini na manta rabinsa, amma ƙeyar mutumin nan tana idona. Ban iya jin haushinsa ba ma, don na san abin da yake ji a cikinsa.

Watan jiya aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi, muka bi ayari zuwa ƙauye don duba gonaki. Damina huɗu ba wanda ya taka wurin. Na zame na nufi maƙabarta. Dauda, ban gane ta ba. Ciyawa ta kai ƙirji, ruwa ya baje kaburbura sun zama ƙasa ɗaya, itacen da muka kafa alama gara ta cinye. Na yi ta kutsawa ina ƙirga taku daga tsamiyar nan ta bakin maƙabartar, ina komowa ina sakewa. Duk abin da na hango fari sai in ruga, in tarar guntun tasa ne ko ƙashin dabba. Ni da na wurga dutsen a gulbi da hannuna, ni ne nake neman sa a cikin ciyawa.

Wataƙila ko na bar shi da ruwa ya tafi da shi, ban sani ba. Abin da na sani, ban gane inda ubana yake kwance ba. Na tsaya a tsakiya na yi wa kowa da kowa addu'a, na ce Allah ya kai masa rabonsa. Aka yi ta kirana mota za ta tashi.

Tun da na dawo ba ni da abokin wannan magana. Inna ta tsufa, ban gaya mata ba. Abokan hira a bakin kasuwa in na ambaci sunanka sai wani ya kawo zancen farashin taki. Da la'asar nakan zauna ƙofar gida in saurari saƙon nan naka, in ji yadda kake cewa “watir”, in yi dariya ni kaɗai.

To ga abin da kake jira ka ji, ko da ya makara. Abokina Dauda Bayahude ne. Ya ci abinci a gidanmu shekara uku, ubana ya zaunar da shi a inuwa. Dutsen da ya aza a kabarin Alhaji gaisuwa ce, maruƙan nan kuma zawo ya kashe su, ni na duba su. Ni ne wanda ya san shi, kuma ni na yi shiru. Muryarka tana ƙasan wasiƙar nan, na kuma sa ta a zauren garinmu yau da safe. Mutum uku sun riga sun fita daga zauren, wani ya kira ni da sunan da na guje wa shekara da shekaru. Ashe ba ya kisa.

Ban sani ba ko fushi kake, ko lamba ka canza, ko kuwa abin da ba na so in rubuta ne ya faru. In kana raye, ba sai ka yafe ba, ka dai aiko ko da kalma ɗaya in san ka ji. In kuwa ka riga mu, ina roƙon duk wanda ya san inda aka sa ka ya gaya mini. Ranar da muka je ƙauye, kafin in hau mota, na gangara bakin gulbi na tsinci dutse guda. Ba fari ba ne, namu duk jajaye ne. Yana aljihun rigata, kuma na tambaya an ce ana barin mutum ya hau jirgi da shi.

Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka da ranka da lafiyarka. Allah ya jiƙan Baba, ya san inda yake ko ni ban sani ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu da taku lafiya, ya raba kowa da kwana da jaka a bayan ƙofa. Amin.

Naka, mai gudu da babur,
Bello na Alhaji,
daga Isa.